Kalmar da Baba Yake Ja da Asuba

Talata. Aikin farko: kai wa Baba dutsen taimama.

Malama Fadima, ki gafarce ni da wannan layi na sama. Haka nake fara kowane shafi na littafin da nake rubuta al'amurana na yau da kullum, hannu ya saba, sai da na rubuta na tuna wasiƙa ce. Na bar shi don takarda ta yi wuya. Ina gaishe ki, ina gaida masu karanta wannan fili. Taimako nake nema, kuma na gaggawa. Na san filinki na masu tambayar Turanci ne, masu son sanin inda ake sa "borrow" da inda ake sa "lend". Ni ma tambayar Turanci na kawo, kalma ɗaya tak. Sai dai a kan kalmar nan ake shirin sa mahaifina a mari.

Ni malamin firamare ne, lissafi nake koyarwa, na ba arba'in baya kaɗan. Na yi sakandare, amma Turanci ne ya kayar da ni a jarrabawar fita, kuma har yau in zan rubuta wa hedimasta takarda sai na yi ta gogewa ina sakewa. Duk da haka a ƙauyenmu, arewa da Ɗanbatta, ni ake kawo wa takardar asibiti da ta kotu in karanta. Ba wanda ya san irin gumin da nake yi a kansu.

Mahaifina, zamanin gyaɗa, shi ne malamin sikeli a rumfar wani kamfanin Turawa. Bai yi boko ba, allo ya yi. A bakin sikeli ya tsinci Turancinsa, na ƙirga da na kiran layi. Tun da gyaɗa ta mutu, kamfanin ya naɗe kayansa, shi kuma ya dawo gona, ban ƙara jin kalmar Turanci a bakinsa ba. Ko lokacin da nake makaranta, in na yi Turanci a gida tsawa yake daka mini. Mutum ne mai tsafta da kunya, mu 'ya'yansa ba mu taɓa ganin kansa ba hula ba. Sallar asuba kuwa, shi ke tada ladan.

Farkon bazarar nan ya faɗi a bakin rumbu. Rumbun ma ba komai a ciki, kin san yadda ruwa ya ɗauke bara gero bai yi ido ba, leƙawa kawai yake yi kowace safiya. Da aka ɗaga shi ɓarin dama ya mutu, baki ya karkace. Malamin asibiti ya zo ya yi masa allura, ya ce hawan jini ne, a kai shi Kano. Ba a kai shi ba, don yayana Dallatu, wanda shi ne babba a gidan yanzu, ya ce a ga yadda zai kwana tukuna. Da bakin Baba ya buɗe, Hausa ta tafi. Ba ya iya kiran Inna, ba ya iya cewa ruwa. Abin da ya rage masa salati, sai Turanci.

Ga yadda abin yake, zan faɗa a jere don kada in tsallake wani abu. Rijiyarmu ta ƙafe. Ruwa sai wanda jakuna ke ɗaukowa daga fadama, ba ya isowa sai hantsi, shi ya sa da asuba dutse nake kai masa. Kananzir ya yi wuya, a duhu nake shiga, sai ɗan hasken da ke shigowa ta ƙofa. Ɗakin kullum a turnuƙe yake da hayaƙin tazargade, don Dallatu ba ya fashin turara shi. Ina tarar da Baba ido biyu, ya ja gwado har wuya ya riƙe da hannun hagu, cikin wannan zafi da mu masu lafiya muke kwana a tsakar gida. Sai ya dube ni, ya dubi ƙofa ta bayana, ya daɗe yana kallonta, sannan ya rage murya ya faɗi kalmar. Da harufanmu zan rubuta ta "weet", da jan wasali, ja mai tsawo. Ya faɗa, ya sunkuyar da ido ƙasa, ya sake faɗa. In na miƙa masa dutsen sai ya ture. In na kai hannu zan gyara masa gwadon sai ya damƙe shi da ƙarfin da ban san yana da sauransa ba. Mutumin da ke tada ladan, yau shi ke ture dutsen taimama.

Na sha waiwayawa in ga abin da yake kallo a ƙofar. Ba kowa. Wata rana matata Safara'u ta gifta da tsintsiya, ya yi shiru ɗif, bai sake ba sai da ta shige. Ba wanda yake faɗa wa kalmar nan sai ni.

Daga nan nake hawa keke in tafi makaranta, don an mayar da ni wani ƙauye mai nisa. In na dawo da la'asar sai in tarar da wani mutum dabam. An jingina shi da bango, fuskarsa a sake, Inna na gefe tana yi masa fifita. Ya karɓi dutse da kansa, ya yi la'asar da ishara, ya yi magariba, ya yi lisha. Kalmar ba ta fitowa. Gari na wayewa kuma a koma. Dallatu ya ce ai magana ta fito fili: aljani ne, Bature, da dare yake sauka, rana ta ɗaga ya tashi, shi ya sa ba ya sallar asuba kuma ba ya jin Hausa. Ya ce mai yiwuwa tun a rumfar sikeli ya maƙale masa, yana jiran ƙarfinsa ya ƙare.

Ni dai na ɗauko ƙamus. Na sami kalmomi biyu, "wait", wato jira, da "weight", wato nauyi. Na tambayi Malam Sama'ilu da ke koyar da Turanci a makarantarmu, ba tare da na gaya masa dalili ba, ya ce sautinsu ɗaya ne, ko Bature ba ya raba su sai a rubuce. To Baba ba ya rubutu, hannun ma ya mutu. Na gwada "wheat", alkama, na ga ba ma nomanta a nan. Na gwada "white", na ga sautin bai kama ba. Biyun nan suka rage, kuma ba wadda ba ta hana ni barci.

In jira yake nufi, wa yake ce wa ya jira? Ni da ke durƙushe a gabansa, ko wanda yake kallo a bakin ƙofa? Na ji malamai suna cewa mai gargara yakan ga abin da masu rai ba sa gani. Sai in ga kamar roƙo yake yi a ƙara masa lokaci, da yaren da yake zaton baƙo zai ji.

In kuma nauyi yake nufi, wannan ta fi tsorata ni. Ina yaro nakan ji manoma suna cewa sikelin kamfani yana cin mudu a kowane buhu. Ban taɓa jin an zargi Baba a gabansa ba, kuma ni ban san shi da cin haƙƙin kowa ba. Amma wani lokaci ina ganin ɗan yatsansa na hagu yana tafiya a kan gwadon a hankali, yana tsayawa, yana komawa baya kaɗan, daidai yadda ake tura ƙarfen nan a hannun sikeli. Sai in tuna da mizani na ranar gobe ƙiyama.

Har rubutun kalmar ya zame mini abin tsoro. Me "g" da "h" suke yi a tsakiyar "weight"? Suna tsaye a wurin, an rubuta su, ana ganinsu, ba sa cewa komai. Mu a Hausa duk harafin da ya shigo kalma sai ya yi magana. Tun da na lura da su, in na shiga ɗakin Baba sai in ji kamar mu ba biyu ba ne. Na san wannan ba tunanin mai hankali ba ne, na rubuta shi ne don na ɗauki alkawarin ba zan ɓoye miki komai ba.

Akwai kalma ta biyu, ita ce ta kori mutane. Nababa, aminin Baba tun suna samari, ya zo dubiya ya tsaya daga bakin ƙofa yana gaisuwa. Baba ya ɗaga hannun hagu ya nuna shi, ya ce "next", sarai, ba ja ba karkata. Aka tambaye ni ma'anarta, ni kuma da wautata na ce, na gaba. Kasuwar Ɗanbatta ba ta zagayo ba aka yi jana'izar Nababa. Gaskiya ya daɗe yana tari, kuma bazarar nan mun binne mutane da yawa, yara da tsofaffi. Amma tun ranar ba mai dubiyar da ke shiga ɗakin. Daga zaure ake gaisuwa a juya. Mata in za su wuce ta bayan ɗakin sai su ja yaransu. Ranar Alhamis da ta wuce kuma, na tsaya daga ƙofa ina jiran idona ya saba da duhu, Baba ya ɗaga hannu ya nuna ni, ya faɗi kalmar. Ban gaya wa kowa ba, ko Safara'u. Na dai gyara takarduna na sa su wuri ɗaya inda za a gan su.

Gidan ma duk ya rikice. Kullum na dawo sai in tarar da gwadon Baba da tabarmarsa a shanye a kan danga, an wanke, alhali ruwan da za mu sha ma aunawa ake yi. Na yi wa Safara'u faɗa a kan ɓarnar ruwa, ta ce Inna ce ta sa ta. Na tambayi Inna, ta kawar da kai ta ce in bar abin da bai shafe ni ba. Inna ba ta taɓa yi mini magana haka ba. Har na fara tunanin ko abin da ke ɗakin ya fara taɓa su su ma.

Yanzu Dallatu ya yanke shawara. Akwai wani mai magani can bayan Tofa da ke sa masu iska a mari, yana yi musu hayaƙin barkono har aljanin ya faɗi sunansa. Za a ɗora Baba a amalanke a kai shi. Na roƙe shi ya jira, ya ce ya ba ni zuwa tsayuwar watan Sha'aban, tun da ni ne mai boko, in faɗi abin da Baba ke cewa. In na kasa, to ba Baba ne ke magana ba. Inna ta ce a bar mata mijinta, amma Dallatu ya ce tausayi ne na mata. Malama, Baba ba zai kai Tofa da rai ba a kan amalanke cikin ranar nan, in ma ya kai ba zai ɗauki hayaƙin ba. Kuma ban da abin da zan tsaya a kai. Ina jin tsoron in ce jira ne alhali nauyi ne, in hana shi sauke abin da yake son saukewa.

Don Allah ki gaya mini: ta yaya ake raba kalmomin nan biyu a bakin mutumin da ba zai iya ƙara wata a kansu ba?

Na gobe, in Allah ya kai mu:
Kai wa Baba dutse.
Ba direban Kano wasiƙar nan.
Facin tayar baya.
Ba Safara'u haƙuri, ban yi ba tukuna.
Sake duba ƙamus, harafin W, daga farko.

Naki,
Mai Shakka, daga ƙasar Ɗanbatta.

AMSA

Malam Mai Shakka, na tsallake da wasiƙarka gaban sauran saboda wata ya kusa tsayawa. Allah ya ba Baba lafiya, ya jiƙan Nababa.

Bari in fara da aikina. Malam Sama'ilu ya yi gaskiya, "wait" da "weight" sautinsu ɗaya, kuma ba a raba su da kunne sai da abin da ke kewaye da su. Harufan nan biyu da ke tsorata ka kuwa, a can da ana furta su, bakin Turawa ya gaji ya sauke, alƙalami ya riƙe. Ragowar tsohon furuci ne, ba kowa ne ke tsaye a wurin ba.

Amma ni ina ganin ba ɗaya daga cikin biyun Baba yake faɗa ba. Kai ka je neman kalma mai dogon wasali don da ja ka ji ta. Sai ka manta cewa harshen da ya yi nauyi komai ja yake yi. Ka ce wa mai irin ciwonsa ya ce gari, na zama, za ka ji kamar gari ya ce, na tuwo. Ka gajarta wasalin nan ka sake saurare. Akwai kalma mai harafi uku, 'yan aji uku ma sun san ta: "wet". A jiƙe. Malamin sikeli kuwa ya fi kowa saninta, don ita ake faɗa a kan buhun gyaɗar da bai bushe ba.

Tun da ba za ka iya ƙara kalma a bakinsa ba, ka dubi abin da ke kewaye da ita, duk kai ka rubuto mini shi. Tsoho mai tsafta da ya kwana ba ya iya tashi. Gwado har wuya cikin zafin bazara, kuma ba ya yarda a taɓa. Ido a ƙasa. Hayaƙin da ya toshe maka hanci, da duhun da ya rufe maka ido. Ruwa ba ya zuwa sai hantsi, lokacin ka tafi. Da la'asar ga gwado da tabarma a kan danga, ga Baba yana salla. Mutumin da ya yi allo ba zai fuskanci Ubangijinsa da najasa a jikinsa ba, in yana ganin akwai mai iya gusar masa da ita. Ba ƙin salla yake yi ba, Malam, girmama ta yake yi. Ƙofar da yake kallo, dubawa yake kada surukarsa ta ji. Inna kuma ta san komai, asirin mijinta take rufewa daga 'ya'yansa, shi ya sa ta kawar da kai. Ita dai ba ta san abin da take wankewa da hantsi shi ne abin da yake faɗa maka da asuba ba.

Ba zan ce Dallatu mugu ne ba. Ya ga ubansa ya bar salla ya koma wani yare, ya tsorata, ya nemi maganin da ya sani. Addu'a da tofi ba sa cutar da kowa, ya ci gaba da su. Amma likitoci sun san irin wannan ciwo yakan ɗauke wa mutum yare ɗaya ya bar masa gutsuren wani. Mari da barkono ba za su dawo da Hausar ba, rai za su ɗauka. In amalanke zai fita, ya tsaya a bakin titi a nemi motar Kano, asibiti. Ban kuma soke maganar nauyi gaba ɗaya ba, don ban ga yatsan nan ba, kai ka gani. In zuciyarka ba ta kwanta ba, ka zaga tsofaffin manoman da suka rage ka nema masa gafara, ka yi masa sadaka gwargwadon hali. Ko ba ya da haƙƙin kowa ba a yi asara ba.

Sai "next". Ai ka fassara ta daidai da ƙamus, amma ka kuskure ta a bakin Baba. A rumfar sikeli in an ce wa mutum haka, me yake yi? Matsowa yake yi da buhunsa. Nababa ya tsaya a bakin ƙofa, amininsa ya ce masa matso. Kai ma a bakin ƙofa ka tsaya. Tarin Nababa ya riga kalmar zuwa, kuma ajali ba ya jiran a kira layi. Ka mayar da takardunka inda suke. Ka kuma tsaya a ƙofar masallaci ka gyara fassarar nan da bakinka, tun da daga bakinka ta fita, mutane su dawo dubiya.

Ga gyaran da na yi wa jerin aikinka. Tun da yamma ka ware buta ɗaya ka ɓoye, da wando da zane masu tsabta. Da asuba ka kashe hayaƙin, ka kunna fitila ko ta ɗan lokaci ce, ka saki labule, ka matsa kusa. In ya faɗi kalmar, ka maimaita masa ita a gajarce, a hankali, ka dubi fuskarsa, za ka gane in na yi daidai. In haka ne, ka gyara shi da hannunka ba tare da ka ce komai ba, sannan ka miƙa masa dutsen. Washegari ka kira Dallatu ya tsaya daga waje, ya leƙo bayan ka gama, ya ga ubansa yana sallar asuba. Ba sai ka yi masa dogon bayani ba, kuma kada maganar ta wuce ku biyu. Ka tambayi limaminku sauƙin da shari'a ta yi wa mai irin wannan lalura, ka gaya wa Baba, don ranar da ruwa ya yanke. In kuwa na kuskure, ba ka rasa komai ba sai buta ɗaya, kuma har a lokacin asibiti ne, ba Tofa ba.

Ban sani ba ko Hausar ce ta ƙi fitowa, ko shi ne ya ga a duk gidan mutum ɗaya ke jin wannan yare, ya rufa wa kansa asiri da shi. Ko wanne ne, kai yake kira. Ka mayar da ba Safara'u haƙuri sama da facin taya. Ƙamus kuwa ka bar shi ya huta gobe.

Allah ya tashi kafaɗar Baba, ya saka wa Inna da Safara'u da alheri, ya saukar muku da damina mai albarka.

Malama Fadima.